Waƙar Da Guduma Ya Yi Wa Matarsa

"Waƙa ɗaya! Ɗaya tak! In Malama ba ta dawo gidana da ƙafarta tana share hawaye ba, ku aske min gemun nan a gaban jama'a ku yi burushin takalmi da shi!"

Haka Guduma ya faɗa a shagon aski, a tsaye, ƙyalle ɗaure a wuya, rabin kansa a aske, rabin kamar gonar da aka manta da ita. Mai aski ya ɗaga inji sama yana jiran ya zauna.

"Oga, ka maimaita maganar gemun nan," in ji mai aski. "Ina son shaidu."

"Na maimaita! Ni na koya wa mutane zagi cikin kiɗa, yanzu zan koya musu soyayya. Wai soyayya har wani abu ce? Waƙar da yara masu siririn wando ke yi da hanci? Ina barci ma zan yi ta!"

To ɗan'uwa, in ba ka san Guduma ba, ko dai kai yaro ne, ko kuma Allah ne ya tsare maka kunne. Tsohon mawaƙin gambarar zamani ne, wato rap, irin wadda ake zuba magana kamar famfo ya ɓalle. Tun zamanin da ake juya kaset da biro yake abinsa. Ƙato ne, baƙi, da wuya kamar na bijimi, da sarƙa a ƙirji wadda za ta iya ɗaure janareto. Ni kuwa ɗan amshinsa ne. Aikina a duniya guda ɗaya ne: in ya kai ƙarshen baiti ya waigo ya kalle ni, sai in daka tsawa in ce, "A binne shi!" Shi ke nan aikin. Da shi na yi aure, da shi na ajiye tumbi.

Wa ake binnewa? Ƙusa.

Ƙusa abokin hamayyarsa ne tun suna samari, wani siririn mawaƙi da ya taɓa cewa a rediyo muryar Guduma kamar ana jan drom a kan kwalta. Tun daga ranar Guduma bai sake yin waƙa a kan komai ba sai a kansa. Ba ya waƙar talauci, ba ya waƙar gari, ba ya waƙar uwa. Ƙusa da safe, Ƙusa da yamma. Har bawan Allah ya gaji ya bar waƙa, ya buɗe shagon kayan gyaran babur, ya ja hula ya rufe goshi, amma Guduma bai fasa ba. Yakan je ya zauna wurin mai shayin da ke kallon shagon, wai yana "bincike". Ya dawo situdiyo yana huci.

"Kun san ya canja igiyar agogo? Ya ɗauka ba zan gani ba!"

Kuma ka san yadda yake waƙa? Bai taɓa rubuta ko layi ɗaya ba. A cikin ɗan ɗakin ɗaukar murya, daidai saitin makirufo, akwai wani tsohon hoton Ƙusa manne a bango, duk ya yi ja don tsufa. Guduma zai tsaya ya ƙura masa ido, ya yi ta kallo har jijiyar goshinsa ta miƙe, sannan ya ce wa Injiniya, mai haɗa mana sauti, "Sako kiɗa!" Sai baitoci su yi ta zubowa. In ka cire hoton nan, ko sunansa ba zai iya rerawa ba.

Yanzu bari ka ji abin da ya kori Malama, matarsa.

Malama mace ce mai haƙuri, tana koyar da lissafi a firamare. Wata rana idonta ya fara ba ta wahala, likita ya ba ta tabarau. Ta sa, ta yi ta yawo da shi a gida, ta ba shi abinci da shi, ta yi masa sannu da zuwa da shi. Wata ya wuce, wani ya bi bayansa. Ran nan yana cin abinci yana ba ta labari:

"Kin san Ƙusa ya rage gashin baki? Ta gefen dama, kaɗan. Tsufa ne ke damunsa."

"Ni fa?" in ji ta. "Ba ka ga wani abu ya canja a fuskata ba?"

Ya ɗago ya dube ta sama da ƙasa, ya tauna, ya haɗiye.

"Kin yi ƙiba?"

Kafin ya wanke hannu ta gama haɗa akwati. Ta tafi gidan yayarta, wadda duk muke kira Yaya Babba, mace mai muryar da ko Guduma in ya ji sai ya gyara tsayuwa. Abin da Malama ta bar masa a bakin ƙofa kawai shi ne: "Ka yi wa mutumin nan waƙa ta fi ɗari. Ni ko tari ba ka taɓa yi da sunana ba."

Wannan ce ta kai mu shagon aski da rantsuwar gemu.

Washegari Guduma ya shigo situdiyo, na rantse ban gane shi ba. Ya cire sarƙa. Ya sa riga ruwan hoda wadda maɓallanta ke neman agaji a kan cikinsa. Ya fesa turare har Injiniya ya buɗe taga. A aljihun gaba ga fure na roba.

"Daga yau," in ji shi, "ba Guduma. Ku kira ni Sanyin Zuciya."

"Sanyin me?" in ji Injiniya.

"Sako kiɗa, malam, kar ka ɓata min shauƙi."

Injiniya ya sako wani kiɗa mai taushi, irin na jita da ɗan sarewa. Guduma ya lumshe ido, ya dafa ƙirji, ya buɗe baki. Ga abin da ya fito:

"Ina son ki, kar ki kuskura ki musa!
Duk wanda ya kalle ki sai ya ci ƙasa!
Ki dawo gida tun ina ce miki don Allah,
Kafin raina ya ɓaci in zo da kaina wallah!"

Ya waigo ya kalle ni. Ni kuma, ka san baki da sabo.

"A binne shi!"

"Wa za a binne, ɗan banza? Matata?"

"To Oga me zan ce?"

"Ka ce wani abu mai daɗi! Ka yi nishi!"

Haka aka ɗauki waƙar, ni ina nishi a baya kamar mai ciwon haƙori. Injiniya ya ce a sake. Guduma ya ce shi bai taɓa maimaita waƙa ba tun da uwarsa ta haife shi. A haka aka fitar da ita ta shiga gari.

Wayyo, zo ka ga yadda aka karɓe ta! Tsofaffin masoyansa, direbobi da makanikai da masu ɗaga ƙarfe, suka ce an yi musu cin amana. Shugabansu, wani mai walda da ya rubuta GUDUMA a bayan motarsa, ya zo har ƙofar situdiyo ya kankare rubutun da wuƙa a gabanmu.

"Mun ba ka ƙuruciyarmu, ka saka mana da rigar hoda!" Ya rantse shi da jama'arsa ba za su ƙara sauraron ko tarin Guduma ba.

Mata kuma suka ce wannan ba waƙar soyayya ba ce, sammaci ne. A shirin gaishe-gaishe na rediyo wata ta bugo waya ta ce ita dai ta gode, domin da waƙar take tashin yaranta su tafi makaranta. Wani mai gadi ya ce tun da yake kunna ta a bakin get ɓarawo bai ƙara leƙowa layinsu ba. Mutum ɗaya ne ya yabe ta tsakani da Allah, shi ma daga baya muka gano kurma ne, rigar ce ta burge shi.

Yaya Babba kuwa ta aiko da saƙo: daga yau an haramta muryar Guduma a gidanta. Rediyo, waya, ko yaro ya shigo yana rerawa, duk waje.

Kana tsammani jikinsa ya yi sanyi? Ina!

"Ba su waye ba ne," in ji shi. "Na yi musu nisa. Waccan ɗumama murya ce kawai."

Injiniya mutum ne mai furfura da sanyin magana, ya ga mawaƙa iri-iri. Ya cire abin kunnensa ya ajiye.

"Guduma, zauna."

"Sanyin Zuciya."

"Ko ma wane ne, zauna. Waƙar soyayya ba ihu ba ce. 'Yan ƙananan abubuwa ake faɗa. Abin da ka lura da shi a jikinta wanda ba wanda ya lura. Yadda take dariya, yadda take tafiya, abin da take yi in ta ji kunya. Mace in ta ji ka san wannan, ta san kana kallonta. Ka kawo hotonta mu manna."

"Wannan ne kawai? Ai ni sarkin lura ne! Mutumin da ya gane an rage gashin baki daga tsallaken titi?"

Ya kawo hoton Malama. Muka nemi salatif, muka manna shi a kan hoton Ƙusa, ya rufe shi ruf. Guduma ya shiga, ya tsaya, ya ƙura ido. Kiɗa na tafiya. Ya gyara murya. Ya sake gyarawa.

"Masoyiyata… kina da… fuska."

Ya tsaya yana ƙifta wa hoton ido.

"Ci gaba," in ji Injiniya.

"Kina da kirki. Kina da… hannu biyu."

"Oga, ƙafa fa?" na ce. "Kar ta ji haushi an bar su."

"Rufe min baki!"

Muka wuni a haka. Gumi ya jiƙa rigar hoda ta koma ja. Duk abin da muka samu shi ne Malama tana da fuska, tana da kirki, kuma ta iya lissafi. Har ya gwada cewa "idanunki kamar fitilar babbar mota", Injiniya ya kashe kiɗan ya ce shi yana da 'ya'ya mata, ba za a yi wannan da hannunsa ba.

Zafi ya ishi Guduma, ya ce a shigo masa da fanka. Na shigar, na kunna, na fito. Ta cikin gilashi muna kallonsa ya dafe kai, ya sunkuya, abin tausayi. Fanka na juyawa, tana hura bango. Salatif ɗin nan dama na arha ne. Sai na ga hoton Malama ya ɗaga kusurwa ɗaya, ya ɗaga ta biyu, ya yi lilo, ya sulale ƙasa a hankali ya shige bayan lasifika.

Guduma ya ɗago kai. Idonsa ya sauka inda ya saba sauka shekara da shekaru. Gajiya ta cinye fushin, muryar ta dushe ta yi laushi, amma famfon nan sai ya ɓalle. Wallahi bai ma san me yake kallo ba. Injiniya ya danna ɗauka da sauri.

"Tabon nan na girarki ta hagu, ina wurin ranar da ya fito,
In kin yi dariya, wushiryarki har iska ke bi ta yi fito,
Kina sosa kunne in magana ta ƙare miki,
Kina jan ƙafar dama in tafiya ta yi miki nisa, na lura da ke,
Atishawarki ba ta zuwa ita kaɗai, sai ta taho da ƙannenta biyu,
Na yi shekaru ina kallon ki daga tsallaken titi,
Duk duniya ba wanda ya san ki kamar ni."

Ɗan'uwa, tsigar jikina ta tashi. Injiniya, mai furfura, ya cire tabarau yana goge ido. Guduma ya fito yana haki kamar ya sauke buhun siminti.

"Kun gani? Kun GANI? Na ce muku ina barci ma zan yi!"

Na ɗan matsa kusa. "Oga, tambaya ɗaya. Malama tana da tabo a gira?"

"Kai ka aure ta ko ni?"

"Kai ne. Amma wushiryar nan…"

"Daga zuciyata ya fito! In zuciyata ta ce akwai tabo, akwai tabo! Kai da ba ka iya komai ba sai binne mutane, yau kai za ka koya min matata?"

Na buɗe baki zan nuna masa bango, Injiniya ya take min ƙafa har sai da na ga taurari. Ya raɗa min: "Tun da na fara aikin nan ban taɓa ɗaukar waƙa mai kyan wannan ba. Ka bar ta ta sha iska."

Ta kuwa sha. Cikin ɗan lokaci ba inda ba a jin ta: shagon ɗinki, wurin gyaran gashi, motar haya, ɗakin jira na asibiti. Mata suka haukace. 'Yan mata suka fara zana ɗan tabo a gira da jagira. Magidanta kuwa suka tsane shi tsana mai tsanani, domin kowa ya koma gida sai an tare shi a ƙofa: "Kai me ka taɓa lura da shi a jikina?" Wani maƙwabcina ya kwana a mota saboda an tambaye shi atishawar matarsa guda nawa ce ya ce bai taɓa ƙirgawa ba.

Ka ga inda abin ya tsaya: waɗanda suka san Ƙusa, wato su mai walda, sun yi rantsuwa ba sa sauraro. Waɗanda ke sauraro kuma ba su taɓa ganin Ƙusa ba. Malama tana gidan da aka haramta muryar. Sai dai matan layin Yaya Babba suka yi ta shigowa suna cewa, "Ke, mijinki ya yi miki waƙar da ke sa mutane kuka, ki sassauta." Har zuciyarta ta ɗan motsa.

Guduma ya kama babban ɗakin taro, ya ce ranar Asabar da yamma zai ƙaddamar da waƙar a gaban matarsa. Ya aika wa Malama kati mai zanen zuciya. Ya aika wa su mai walda cewa duk namijin da ya isa ya zo ya ga yadda ake dawo da mace. Ya aika wa mai aski cewa ya zo da injinsa ya ga yadda zai koma da shi a aljihu.

Ranar ɗaki ya cika har taga. Mata a gaba, sun sha kwalliya, rabinsu da tabon jagira. Su mai walda a baya, sun harɗe hannu, fuska kamar an aiko musu da mutuwa. A layin farko ga Malama cikin natsuwa da tabaranta, kusa da ita Yaya Babba ta riƙe jaka a cinya kamar mai shirin jifa. Can ƙurya kuma, kusa da ƙofa, na hango wata hula da aka ja har goshi. Ƙusa ne. Ya zo kallon faɗuwar maƙiyi, har da gyaɗarsa a leda.

Guduma ya hau dandamali cikin fararen kaya tun daga sama har ƙasa, kamar firij. Fure na gaske a hannu wannan karon. Ni ina gefensa da nawa makirufo, aikina nishi.

"Wannan waƙa," in ji shi, "ta mace ɗaya ce a duniya. Duk kalmar da ke ciki, na gan ta da idona a jikinta. Maza, ku buɗe kunne ku koyi aure!"

Kiɗa ya tashi. Ya fara. Mata suka ɗauka tare da shi, ana ta kaɗa waya a sama. Ni kuwa Malama nake kallo. A baitin tabo ta ɗan taɓa girarta. A baitin wushirya ta sa harshe ta shafa haƙoranta. A baitin ƙafa ta leƙa ƙafarta ta dama, ta dubi yayarta. Yaya Babba ta fara buɗe zif ɗin jaka tana rufewa.

A baya kuma wani abu na faruwa. Mai walda ya sauke hannu. Ya karkata kai. Ya taɓo na kusa da shi.

"Kai, wushiryar nan da iska ke bi… ba ita ce 'ƙofar gareji' ta cikin tsohon kaset ba?"

"Jan ƙafar fa? Ai ita ce 'taya mai faci'!"

Guduma bai ji ba, yana can sama. Ya gama, ɗaki ya ɗauki tafi, ya durƙusa da gwiwa ɗaya, wandon ya yi wata 'yar ƙara, ya miƙa fure.

"Malama, hauro. Hauro duniya ta ga tabon da ya hana ni barci."

Malama ta hau a hankali. Ta karɓi makirufo daga hannun mai gabatarwa. Ta cire tabaranta, ta juyo ga jama'a, ta ɗaga gira. Sumul, kamar an goge da dutsen guga. Sannan ta yi murmushi mai faɗi. Haƙora a jere, ko allura ba za ta wuce ba.

Ɗaki ya yi tsit.

"Baban yara," in ji ta, da muryar da take tambayar 'yan aji uku, "wace ce?"

"Ke… ke ce mana! Tabon… ya warke ne! Ai kina shafa mai!"

"Wushiryar fa? Ita ma man na shafa mata?"

"Wace ce, munafuki?" Yaya Babba ta miƙe. "Wace mai ɗingishin ce kake kallo daga tsallaken titi?"

"Yaya, wallahi babu wata! Na rantse babu wata mace!"

Gaskiya ya faɗa, bawan Allah. Kuma daidai nan, cikin wannan shirun, turaren matan gaba ya gama tafiya ya isa ƙurya.

"Atishoo!"

Kowa ya yi cak.

"Atishoo! Atishoo!"

Ita da ƙannenta biyu. Kawuna suka juya baya gaba ɗaya kamar an ja su da igiya. Atishawar ta ture hular, ga tabo a girar hagu yana sheƙi, wanda sandar makirufo ta yi masa ranar karonsu na farko da Guduma. Ƙusa ya ga duk ɗaki na kallonsa. Magana ta ƙare masa. Ya ɗaga hannu ya sosa kunne.

"SHI NE!" in ji mai walda, ya faɗi ƙasa yana dukan tayil.

Zo ka ga dariya! Mata na cire ɗankwali suna goge tabon jagira. Makanikai na rungume juna suna kuka. Suka ɗago Ƙusa suka turo shi gaba, ya taho ta tsakiyar ɗaki yana jan ƙafar dama, yana murmushin kunya, iska na bin wushirya. Duk taku ɗaya sai jama'a su rera masa baitin da ya dace. Ya hau dandamali da ledar gyaɗarsa, ya tsaya gaban Guduma da har yanzu ke durƙushe da fure.

"Ɗan'uwa," in ji Ƙusa, idonsa ya kawo ruwa, "ko mahaifiyata ba ta lura da ni haka ba."

"Matsa daga nan, tsinanne! Malama, ki saurare ni! Kuskuren fanka ne!"

"Naka dai," in ji Malama. "Amma ni malama ce, ba na kayar da ɗalibi sai na ba shi dama ta biyu. Rufe idonka."

Ya rufe, har yana matsewa.

"Wane launi ne mayafin da ke jikina?"

Gumi ya keto masa. Mata a gaba suna ta raɗa masa, kowa da nata launin don mugunta.

"Ja… a'a, kore! Kore mai… ɗan ja-ja?"

Shuɗi ne, ɗan'uwa. Shuɗi kamar sama.

"Kar ka buɗe," in ji Yaya Babba daga ƙasa. "Safar ƙafar wancan fa?"

"Ruwan toka, ta hagun ta huje a dunduniya, tun makon jiya yake…"

Ya kama bakinsa da hannu biyu. Ina, ta riga ta fita. Ƙusa, don ya taimaka, ya zare takalmi ya ɗaga ƙafa. Ga dunduniya tana gaida jama'a.

Malama ta mai da tabaranta. Ta zare furen daga hannun mijinta, ta miƙa wa Ƙusa da ladabi.

"Malam, ga naka. Ni ina gidan Yaya har ranar da ya san launin kayana. Kafin nan ka riƙa tuna masa maganinsa, mantuwa gare shi."

"Kar ki damu, Malama," in ji Ƙusa, bai lura bakinsa na saitin makirufo ba. "Na hawan jini da safe, na basir bayan la'asar. Ai ina ganin sa yana haɗiya a wurin mai shayi."

Ban san ɗakin taro na iya girgiza ba sai ranar. Malama ta sauka, Yaya Babba ta kama hannunta, suka bi ta tsakiyar jama'a ana buɗa musu hanya ana tafi. Ta ɗaya gefen kuma sai muka ji zzzzzz. Mai aski ne ke hawowa matakala, inji a kunne, ƙyalle a kafaɗa, shaidunsa biyu a baya.

"A hankali, mai aski," in ji Ƙusa, yana shinshina furensa. "Gemun nan rini ne, zai ɓata maka inji. Ranar Laraba yake shafawa."

Guduma, a durƙushe, cikin fararen kaya, wando a yage, ya rasa inda zai sa ido. Sai ya yi abin da ya saba yi duk lokacin da baiti ya ƙare: ya waigo ya kalle ni.

Ni kuma ga makirufo a hannu. Wallahi nishi na yi niyya.

"A BINNE SHI!"